Yadda ake shirya tafiyar yini ɗaya a jirgin ruwa zuwa garin bakin tafki a tsakanin duwatsu

Garin da ke bakin tafki a tsakiyar duwatsu hanyar shigarsa da fitarsa ƙanƙanuwa ce. Dutse ya tsare baya, ruwa ya tsare gaba, titin mota in akwai shi siriri ne mai kwana-kwana, wani wurin ma babu shi sam. Shi ya sa jirgin ruwa ya fi komai daɗi a irin wannan tafiya, kuma shi ya sa jirgin ne ke mulkin yinin gaba ɗaya. Saboda haka ba daga safiya ake fara tsara wannan tafiya ba. Daga yamma ake farawa, a dawo baya.

Fara da jirgin dawowa

Kafin ka duba hotunan garin ko wuraren da za ka ziyarta, nemi jadawalin kamfanin da ke da jiragen tafkin, ka gano lokacin da jirgin ƙarshe ke barin garin zuwa inda ka fito. Rubuta lokacin. Sannan ka duba wanda ke gabansa, shi ma ka rubuta. Wannan na biyun shi ne jirginka. Na ƙarshen ajiya ne kawai, don in wani abu ya faru.

Dalilin a fili yake. Duk wanda ya zo garin da safe yana so ya ci moriyar yininsa har ƙarshe, sai kowa ya taru a kan jirgin ƙarshe. Kowane jirgi kuwa yana da iyakar mutanen da doka ta yarda ya ɗauka, kuma ma'aikatansa ƙirga mutane suke yi a bakin shiga. Da adadin ya cika sai a ja igiya, ko da tikiti a hannunka. In ka nufi na kusa da ƙarshe ka tarar ya cika, kana da wata dama. In na ƙarshen ne ya cika, sai neman ɗakin kwana a garin da ɗakunansa kaɗan ne.

Akwai wuraren da wannan ba ƙaramar magana ba ce. A tafkin Königssee da ke kudancin Jamus, jiragen lantarki ne ke kai mutane tun 1909, kuma wurin da aka fi sauka, St. Bartholomä, babu titin mota da ke zuwa can. Kusan minti 35 ne a jirgi, amma wanda ya rasa na ƙarshe ba shi da hanyar fita sai ta kan dutse, wadda ba ta wanda ya zo da takalmin yawo ba ce.

In daga tashar jirgin ruwa za ka kama jirgin ƙasa ko bas, haɗa lissafin. Bar aƙalla minti 30 tsakanin isowar jirgin ruwa da tashin abin hawa na gaba, domin jirgin da ke tsayawa a garuruwa biyar ko shida yakan tara jinkiri kaɗan-kaɗan a kowace tasha, musamman da yamma lokacin da masu shiga suka yi yawa.

Karanta jadawali da kyau

A nan ne yawancin tafiye-tafiye ke lalacewa tun ba a bar gida ba. Jadawalin jiragen tafki ba ɗaya ba ne duk shekara. Akwai na lokacin zafi, sa'ad da jirage ke yawa, akwai na lokacin sanyi, sa'ad da ake rage su ƙwarai ko a rufe wasu tashoshin. A Königssee ɗin da aka ambata, da sanyi jirgi ba ya wuce St. Bartholomä zuwa tashar Salet da ke can ƙurya. Don haka duba kwanan watan da ke saman takardar, ka tabbata ranar tafiyarka ta faɗo a ciki. Hoton jadawali da wani ya ɗora a intanet shekara biyu da suka wuce ba abin dogaro ba ne, je shafin kamfanin da kansa.

Sai ƙananan alamomin da ke gefen lokutan, 'yan haruffa ko taurari ko lambobi. Kowannensu yana da bayani a ƙasan shafi, kuma bayanin nan shi ne ainihin jadawalin. Wani jirgin ranar Asabar da Lahadi kawai yake tashi, wani ranakun aiki kawai, wani ba ya tsayawa a wata tasha sai an nemi ya tsaya, wani kuma motoci yake ɗauka tsakanin gaɓa biyu ba ya zagaya garuruwa. Lura kuma da cewa ana rubuta lokaci da tsarin awa 24, wato 17:40 shi ne shida saura minti ashirin na yamma. Shafin zuwa daban, na dawowa daban, kuma mutane da yawa na karanta lokacin dawowa a shafin zuwa.

Yawancin manyan tafkuna suna da jirgi iri biyu, mai sauri da mai tafiya a hankali. A tafkin Komo na Italiya, daga birnin Komo zuwa Bellagio jirgin hankali yakan ci kusan awa biyu, mai sauri kuma kamar minti 45, da ƙarin kuɗi. Shawarar da ta fi ita ce ka tafi a na hankali da safe, lokacin da kake da ƙarfi da sha'awar kallo kuma ruwa a kwance yake, ka dawo a mai sauri da yamma. Mai saurin galibi a rufe yake, ta taga kake kallo, ba shi ne na ɗaukar hoto ba. Wani lokaci kuma dabarar ita ce a rage tafiyar ruwan: daga Milan jirgin ƙasa na kai mutum Varenna, wani gari a bakin tafkin, cikin kusan awa ɗaya, daga nan jirgin fito zuwa Bellagio minti 15 ne kacal. Duba taswira ka ga ko tafkinka yana da irin wannan gajeriyar hanya.

Iskar tafki tana da lokacinta

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne abin da baƙo bai sani ba, matuƙa kuwa da shi suke rayuwa. Da rana ta daki jikin duwatsu sai iskar da ke kansu ta yi zafi ta tashi sama, ta jawo wata iskar daga ƙasan kwari ta biyo tsawon tafkin. Da dare abin yana juyawa: duwatsu su huce, iska mai sanyi ta gangaro ƙasa. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan lokaci, galibi da hantsi, da ruwa ke kwanciya luf.

Iskar nan ta saba zuwa a kan lokaci har mutanen wuraren sun raɗa mata suna. A Komo ana kiran ta safe da ke zuwa daga arewa Tivano, ta rana da ke zuwa daga kudu kuma Breva. A tafkin Garda, shi ma a Italiya, Pelèr ce da safe, Ora da rana. A tafkin Atitlán na Gwatamala, inda ƙananan jirage masu inji ke jigilar mutane daga Panajachel zuwa ƙauyukan gaɓa, iskar Xocomil kan taso bayan tsakar rana ta tada igiyar ruwa, har ƙetarawar da aka yi da safe cikin natsuwa ta koma ta jijjiga da fesin ruwa a fuska.

Abin da wannan ke nufi gare ka: in ƙaramin jirgi za ka shiga, ko akwai yara da tsofaffi a tare da kai, ko wani mai saurin jiri, yi sammako ka ƙetara, kuma kada ka bar dawowa sai iska ta kai ƙarshen ƙarfinta. Babban jirgi ba ya damuwa da iskar yau da kullum. Abin da ke tsayar da shi hadari ne mai tsawa, ko hazo mai kauri, ko irin iskar nan mai ɗumi da ke faɗowa daga kan duwatsun Alps da ƙarfi, wadda ake kira Föhn.

Duba hasashen yanayi sau biyu, daren jajibiri da kuma safiyar tafiya, kuma na garin da ke bakin tafkin, ba na babban birnin da ka kwana ba. A lokacin zafi hadarin duwatsu ya fi haɗuwa da la'asar. In ka ga farin gajimare yana tsiri sama a kan ƙololuwa tun kafin azahar, gindinsa na yin duhu, to ka matso da lokacin komawarka. In an fara walƙiya, ƙirga daƙiƙun da ke tsakaninta da ƙarar tsawa: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. A tafkunan Suwizalan akwai fitilu ruwan lemo a gaɓa da ke yi wa masu jirage gargaɗi, ƙyaftawa 40 a minti na nufin iska mai ƙarfi na tafe, 90 kuma guguwa ce.

Tikiti

In garin ɗaya za ka je, sayi na zuwa da dawowa tun da safe, ka huta da layin yamma. In kana so ka taɓa garuruwa biyu ko uku, tambayi tikitin yini wanda ake hawa da sauka yadda aka ga dama, amma ka tambaya ko ya haɗa da jirgi mai sauri, don sau da yawa bai haɗa ba. Ka kuma san cewa a jirage da yawa tikiti izinin shiga ne, ba ajiyar kujera ba.

In a waya tikitin yake, ɗauki hotonsa ka ajiye, domin sabis yakan ɗauke a tsakanin duwatsu daidai lokacin da ake buƙatarsa. Riƙe ɗan tsabar kuɗin ƙasar a aljihu, ƙananan jiragen fito ba duka ke karɓar kati ba. Inda jiragen na masu zaman kansu ne ba su da ofis, a gama maganar kuɗi kafin a shiga, a kuma fayyace ko na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, na zuwa ne kawai ko har da dawowa. Kada ka biya kuɗin dawowa gaba ɗaya ga matuƙin da ba ka da tabbacin shi zai zo ɗaukarka.

Abin da za ka ɗauka

Jaka ɗaya ta goyo, hannuwa biyu a sake, saboda hawa da sauka jirgi na buƙatar riƙo. Akwati mai taya ba shi da amfani a garin da titunansa duwatsu ne da matakala.

Rigar da ke tare iska da ruwa dole ce ko da gari ya waye da rana tas. A kan ruwa jirgi na tafiya, iska na bugu, sanyin da za ka ji ya fi na kan tudu. In kuma za ka hau sama, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Riguna marasa nauyi biyu ko uku da za ka iya cirewa ɗaya bayan ɗaya sun fi babbar riga guda. Takalmi ya zama rufaffe mai ƙasan roba da ke kama ƙasa, don katakon tasha da ƙarfen matakalar jirgi suna santsi in sun jiƙe.

Rana kuma tana yaudara a irin wuraren nan. Iska mai sanyi na hana ka jin zafinta alhali tana ƙuna, ga hasken da ruwa ke maidowa, ga shi kuma ƙarfin haskenta mai cutar da fata na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000. Hula mai igiya, tabarau da man kare fata sun isa. Ƙara da ruwan sha kamar lita ɗaya da rabi ga kowane babba, ɗan abin taɓawa, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, da leda mai zif da za a saka waya da takardu. In tafkin ya ratsa iyakar ƙasashe biyu, kamar Maggiore tsakanin Italiya da Suwizalan, ɗauki fasfo.

A tasha da cikin jirgi

Isa tasha minti 20 zuwa 30 kafin lokaci, a ranakun hutu ma fiye da haka. Babbar tasha tana da mashiga da yawa masu lamba, kuma jirage biyu na iya tsayawa kusan lokaci ɗaya, ɗaya zai yi arewa ɗaya kudu. Kada ka bi taro. Faɗa wa ma'aikacin da ke bakin shiga sunan garin da za ka, ka jira ya gyaɗa kai. A ƙananan tashoshi jirgi ba ya daɗewa, minti ɗaya ko biyu ne ya sauke ya ɗauka ya wuce.

Bari masu sauka su gama fita. Lura da ratar da ke tsakanin jirgi da gaɓa, tana buɗewa tana rufewa da motsin ruwa, a nan ne ƙafar yaro ko waya ke faɗawa. Riƙe hannun yaro, ka mayar da waya aljihu har sai ka shiga. Kada ka sa hannu a gefen jirgi lokacin da yake matsowa jikin tasha, kuma ka nisanci igiyoyin ɗauri sa'ad da ake jan su.

Da ka zauna, duba inda rigunan kariya suke, galibi a ƙarƙashin kujeru ko cikin akwatuna masu alama. A babban jirgi sanin wurinsu ya wadatar. A ƙaramin jirgi buɗaɗɗe kuwa saka ta za ka yi, ka ɗaure maɗaurinta har ta kama jiki, yadda in an ja ta daga kafaɗa ba za ta haura kunne ba. Yaro ba ya sa ta manya, zamewa za ta yi ta kansa. In ka ga an cika ƙaramin jirgi har gefensa ya kusa shafar ruwa, ko babu rigunan kariya, sauka ka jira na gaba. Ba abin kunya ba ne.

Wajen zama, duba taswira ka ga gefen da zai fuskanci gaɓar da garuruwan suke. Bayan jirgi ya fi kariya daga iska, amma can hayaƙin inji yake. Mai jiri ya zauna a tsakiyar jirgi, a ƙasa, inda motsi ya fi ƙanƙanta, ya sa ido a kan dutse mai nisa, ya bar karatu da latsa waya. Maganin jirin tafiya kafin a shiga ake shan sa, da minti 30 zuwa awa ɗaya, ba bayan zuciya ta fara tashi ba. Da yawansu na sa barci, don haka wanda zai tuƙa mota bayan an sauka ya tambayi mai sayar da magani tukuna.

Minti biyar kafin isowa ka tashi ka koma gaba. Garin ya fi kyau daga kan ruwa, gidaje a jere suna hawa jikin dutse bisa juna, kuma wannan kallon ba ka sake samunsa da zarar ka taka ƙasa. Hallstatt ta Ostiriya misali ce: tashar jirgin ƙasa tana ɗaya gaɓar, sai ƙaramin jirgin fito ya ƙetara da fasinjoji cikin kamar minti goma, kuma wannan 'yar ƙetarawar ita ce mafi kyawun shiga garin.

Rabon lokaci a cikin gari

Kafin ka bar tasha, tsaya gaban allon jadawalin da ke manne a wurin, ka gwada shi da abin da ka rubuta, ka ɗauki hotonsa. In akwai sauyi na ranar, kamar an rufe wata mashiga saboda ruwa ya yi ƙasa ko ya cika, a nan za a liƙa sanarwa. Sa ƙararrawar waya ta buga minti 45 kafin jirginka.

Sai ka fara da abin da ya fi nisa da tsayi, ka ƙare da na kusa da tasha. Yawancin mutane akasin haka suke yi: su sauka su tsaya a shagunan bakin ruwa inda cunkoso yake, sai can da rana ta take su fara hawa, a gajiye, ga gajimare ya rufe ƙololuwa. Hau sama da safe, sararin sama ya fi washewa a lokacin. A ce ka iso 10:30, jirginka na dawowa 16:30 ne. Ba da awa biyu da rabi ga hawa da saukowa, awa ɗaya ga cin abinci, awa ɗaya da rabi ga yawo cikin lunguna, ragowar ka zauna a bakin ruwa kusa da tasha. Garuruwa biyu a yini ɗaya sun isa, na uku yakan mayar da yinin jiran jirgi.

Nisan da taswirar waya ke nunawa kada ya ruɗe ka. Mita 500 a kan matakala ba mita 500 a kan shimfiɗaɗɗen titi ba ce. Ƙa'idar da masu hawa dutse ke amfani da ita ita ce a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa, bayan lokacin tafiyar ƙasa, kuma mai yara ya ƙara a kan haka. In akwai jirgin ƙasa na hawa dutse ko akwatin da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe, shi ma yana da na ƙarshensa, wanda sau da yawa yakan riga jirgin ruwa tsayawa. A tafkin Luzern na Suwizalan, jirgin ruwa na sauke mutane a Vitznau, inda jirgin ƙasan da ke hawa dutsen Rigi tun 1871 yake farawa, kuma dole a haɗa jadawalin biyu kafin a hau.

Ka tuna cewa mutane ne ke zaune a waɗannan gidaje masu kyau. Mazauna Hallstatt ba su kai dubu ɗaya ba, baƙi kuwa dubbai ne a rana. Kada a leƙa tagogi, kada a shiga farfajiyar gida don hoto, kada a tashi jirgi maras matuƙi a kan rufin mutane ba da izini ba.

Abu biyu na lafiya. Na farko ruwan kansa: tafkin dutse zurfi gare shi, na Komo ya haura mita 400, kuma ruwan ƙanƙara ne ke ciyar da da yawansu. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa numfashi ya ƙwace wa mutum da zarar ya faɗa ciki, ko da gwanin iyo ne. In za a yi wanka, a wurin da aka keɓe, a shiga a hankali, nesa da tashar jirgi. Na biyu tsayi: daga mita 2,500 zuwa sama ciwon kai da haki na iya kama wanda bai saba ba. Tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya yana kan mita 3,812, don haka wanda ya iso yankin jiya bai kamata ya tashi yau ya kama hawan matakalar tsibiri ba. A huta kwana ɗaya ko biyu tukuna.

Dawowa

Rana na faɗawa bayan dutse tun kafin lokacin faɗuwarta na gaskiya, musamman a garin da ke gaɓar yamma, kuma sanyi na sauka nan take. Fito da rigarka kafin ka shiga layi. Kasance a tasha minti 20 kafin lokaci, ka sake tambayar inda jirgin ya nufa.

In ka tarar ya cika ko an soke shi, je wurin mai sayar da tikiti nan da nan, kafin ya rufe taga. Tambaye shi abu uku: ko za a ƙaro wani jirgi, ko akwai jirgin fito zuwa wani gari da ke da tashar jirgin ƙasa, da kuma lokacin bas na ƙarshe da inda yake tsayawa. Sau da yawa ƙetarawa zuwa ɗaya gaɓar a kama jirgin ƙasa ta fi jiran jirgin da zai mayar da kai kai tsaye. Tasi a ƙananan garuruwan nan kaɗan ne kuma ba sa yawo neman fasinja, kira ake yi, saboda haka karɓi lambar ɗaya daga ofishin baƙi ko wani otal tun da rana. In iska ce ta sa aka dakatar da manyan jirage, kada ka yarda wani mai ƙaramin kwale-kwale ya ce zai ƙetara da kai, nemi hanyar tudu ko ɗakin kwana.